Fashewar Mahaifa Kafin Naƙuda: Matsalar Tawayar Halitta

Fashewar mahaifar da aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce wadda doguwar naƙuda ke haddasawa, ko kuwa kecewar tabon tiyatar haihuwa. Wannan maƙala za ta dubi wani nau'i dabam, wanda asalinsa yake tun mace tana tayi a cikin uwarta.

Mahaifa daga wasu bututu biyu take samuwa, waɗanda ake kira da sunan Johannes Müller, masanin Jamus da ya bayyana su a 1830. Su ne suke haɗuwa su manne, sa'an nan shamakin da ke tsakaninsu ya narke. Idan aikin bai kammala ba, sai a haifi yarinya da mahaifa mai shamaki, ko mai ƙaho biyu, ko ma mahaifa biyu. Da yawa daga cikin irin waɗannan mata suna haihuwa lafiya lau.

Wadda ta fi haɗari ita ce inda bututu ɗaya ya girma, ɗayan kuwa ya tsumbure ya zama ɗan ƙaho manne a gefe. Galibi ƙahon nan ba shi da ƙofa zuwa bakin mahaifa, amma duk da haka ciki yana iya zama a cikinsa: watau maniyyi ya bi ta lafiyayyen gefen, ya ratsa kogon ciki, ya riski ƙwan ɗaya gefen. Da yake naman ƙahon ba shi da kaurin da zai yi ta buɗewa, yakan fashe, yawanci tsakanin wata huɗu da wata shida. Jinin kuwa a kogon ciki yake taruwa, ido ba ya ganinsa. Sai dai matsanancin ciwo farat ɗaya, da jiri, da ɗashewar ido, da suma.

A ganina a nan gizo ke saƙa. Ungozoma da dangi sun san naƙuda da haɗari, amma ba mai kawo fashewa a ransa ga mai cikin wata biyar, sai a tsaya jiƙa maganin ciwon ciki alhali jini na ƙarewa. Ko na'urar duban ciki ma takan kuskure wannan ƙahon, musamman in cikin ya fara girma.

Maganinsa tiyata ce ta gaggawa tare da ƙarin jini, a cire ƙahon da bututun ƙwan da ke jikinsa. Ya kamata kuma a duba ƙoda, domin sau da yawa akan tarar babu ta wannan gefen. Rabin mahaifar da ya rage yana iya ɗaukar wani cikin, amma lalle awonsa da haihuwarsa su kasance a asibitin da ake iya yin tiyata.