Kiristan da Shehunan Senegal Suka Tsaya wa

Ranar 22 ga Maris 1967 ta kama Babbar Sallah a Senegal, wadda a can suke kira Tabaski. An idar da sallar Idi a Babban Masallacin Dakar, jama'a sun fara watsewa, kowa hankalinsa na kan ragonsa, sai wani mutum mai suna Mustafa Lo ya kutsa cikin taro ya auna shugaban ƙasa da ƙaramar bindiga. Da sauran shan ruwa a gaba, aka rirriƙe shi harsashi bai fita ba. Ba a cika wata uku ba aka zartar masa da hukuncin kisa, duk da roƙon da manyan malamai suka yi na a yi masa afuwa.

Wanda aka so kashewar shi ne Leopold Sedar Senghor. To, me ya kai shi filin Idi? Shi dai Kirista ne ɗan ɗarikar Katolika, wanda tun yana yaro burinsa ya zama fada. Ƙasar da yake mulki kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, Musulmi kuma ba na suna ba, 'yan ɗariƙa masu wazifa da zikiri, masu shehunan da idan suka ce a zauna sai a zauna. Ta fuskar ƙabila ma ba daga masu rinjaye ya fito ba: shi Basarere ne, alhali Wolof ne suka fi yawa, harshensu ne na kasuwa da tasha. Matarsa Bafaranshiya ce. Duk wani abin da ɗan adawa zai ɗauka ya yi kamfe da shi yana nan a jere. Amma mutumin nan shekara 20 ya yi a kan kujera, daga 1960 zuwa 1980, kuma da ƙafarsa ya sauka.

An haife shi a 1906 a Jowal, wani garin masunta a bakin teku, kudu da Dakar. Mahaifinsa attajiri ne mai fataucin gyaɗa. Ya yi karatu wurin 'yan mishan a Ngasobil, ya wuce makarantar horar da fada-fada a Dakar, inda masu makarantar suka ga yaron ya cika musu, suka nuna masa hanyar waje. A 1928 ya tafi Faris. Ya koyar da Faransawa harshensu a makarantunsu, ya shiga soja, Jamusawa suka kama shi a 1940 ya yi zaman fursunan yaƙi. Da yaƙi ya ƙare a 1945, wani lauya Musulmi mai suna Lamin Geye, wanda shi ne gagarabadan siyasar Senegal a lokacin, ya jawo shi suka tafi majalisar Faransa tare.

Ba su daɗe ba suka ɓata. A 1948 Senghor ya kafa tasa jam'iyyar tare da wani malamin makaranta, Mamadu Diya. Ƙarfin Lamin Geye yana cikin birane huɗu, Dakar da Gore da Rufisk da San Luwi, waɗanda tun da daɗewa Faransa ta ba mazaunansu 'yancin zaɓe. Senghor sai ya bar masa birni ya nausa ƙauye. Ya bi gonaki yana zancen farashin gyaɗa, ya zauna a tabarma ya ci abin da aka ci, ya kai gaisuwa zauren malamai ya durƙusa yadda ɗa ke durƙusa wa uba. Wanda ya san zamanin dalar gyaɗa a Kano ya san abin da gyaɗa take nufi ga talaka: ita ce haraji, ita ce aure, ita ce tufafin Sallah. A Senegal kuwa babban kason gyaɗar a hannun almajiran Muridiyya yake, ɗariƙar Shehu Ahmadu Bamba mai cibiya a Tuba.

Halifan Muridiyya na lokacin, Serin Fallu Mbake, ɗan Shehu Bamba, ya kama hannun Senghor. Halifan Tijjaniyya na Tiwawan, Ababakar Si, shi ma ya karkata gare shi. A zaɓen 1951 ɗan mishan ya kayar da lauya Musulmi, kuma da ƙuri'ar masu carbi ya kayar da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka soyayya ce tsagwaronta. Akwai ciniki a ciki. Shehunai suna son gwamnati mai ganin girmansu, wadda ba za ta taɓa gonakinsu da almajiransu ba. Senghor yana son ƙuri'a. Serin Fallu yana da wani nauyi a wuyansa, wato kammala Babban Masallacin Tuba da mahaifinsa ya yi wasiyya da shi kafin rasuwarsa a 1927, aikin da ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya. Gwamnati ta sa hannu. A watan Yunin 1963 aka buɗe masallacin, shugaban ƙasa Kirista yana tsaye kusa da Halifa. Ba duk malamai ne suka bi ba, don a 1959 wasu daga cikinsu sun kafa jam'iyyar hamayya, ta shiga zaɓe ta sha ƙasa.

Inda labarin ya yi ɗaci shi ne Disambar 1962. Mamadu Diya, wanda ya zama shugaban gwamnati, Musulmi ne mai riƙo da addini, ga tsantseni ga kafiya. Ya ɗauko gyaran cinikin gyaɗa ta hanyar ƙungiyoyin gama kai, don a raba manomi da 'yan baranda da masu ba da bashi. Gyaran ya taɓa aljihun manya, har da wasu masu rawani. Da rikici ya ɓarke tsakaninsa da majalisa ranar 17 ga wata, manyan shehunai suka tsaya wa Kirista suka bar Musulmi. Aka yanke wa Diya ɗaurin rai da rai, aka kai shi Kedugu can ƙuryar kudu maso gabas, bai fito ba sai 1974, idanunsa sun riga sun lalace. A ganina wannan tabo ne a tarihin Senghor da ba ya wankuwa. Amma ya nuna wani abu guda: a Senegal ta wancan zamani, da aka zo rabuwa, ba ta layin masallaci da coci aka rabu ba.

Da a ce yarjejeniyar manya ce kawai, da ta bi manyan zuwa kabari. Serin Fallu ya rasu a 1968, Senghor a 2001. Abin da ya riƙe ƙasar yana can ƙasa, a cikin gidaje da tukwane da maƙabartu.

A je Jowal, mahaifar Senghor, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga Dakar. Daga bakin garin akwai wata doguwar gadar katako da ta ratsa ruwa zuwa tsibirin Fadiyut. Mota ba ta hawa. Ƙafa ce ko kwalekwale. Tsibirin kansa ba ƙasa ba ce irin wadda muka sani. Ɓawon 'yan halittun teku ne, dangin makankari, da kakannin kakanni suka ci naman ciki suka zubar, shekara ɗaruruwa, har ya taru ya zama tudun da aka gina gari a kai. Titi ɓawo, bango ɓawo, duk inda ka taka sai ƙaras-ƙaras. A nan lissafin ƙasar ya juye: Kiristoci ne mafi yawa, Musulmi 'yan kaɗan. Akwai coci, akwai masallaci. Daga tsibirin wata gadar ta sake miƙewa zuwa wani tudun ɓawon mai itatuwan kuka, nan ce maƙabartar gari. Guda ɗaya ce tak. Ga fararen gicciye a jere, ga kaburburan Musulmi suna fuskantar alƙibla, kowa da ɓangarensa, ƙofa ɗaya, ba katanga. Dalilin ba wata falsafa ba ce. Sararawa ne dukkansu, dangin juna. Addinan biyu sun zo sun tarar da su a haɗe, wa ya bi liman, ƙane ya bi fada, ba wanda ya fasa zuwa sunan ɗan wani ko jana'izar uwar wani. A Ziginshor da ke kudu ma akwai irin wannan maƙabarta a unguwar Sancaba.

Sai maganar ciki. Ranar Juma'ar da ke gaban Ista, lokacin da azumin Kiristoci ke ƙarewa, matan Katolika sukan kwana a kan wani abinci da ake kira ngalah. Gero ne ake murzawa a turara kamar za a yi dambu, a dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ruwan 'ya'yan kuka da sukari a kwarara a kai. Ba ƙaramar tukunya ake yi ba, bokiti-bokiti ne, domin yawancinsa ba na gidan ba ne. Yara ne ke bin unguwa da kwanoni suna kai wa maƙwabta Musulmi, kuma gidan da aka tsallake sai ya aiko a ji ko lafiya. Idan Tabaski ta zo sai kwanon ya koma da naman layya. Ranar Ashura, wadda suke kira Tamharit, dambun gero ne ke zagayawa. Mutum ya zagi addinin wanda matarsa ta aiko masa da abinci jiya, ai da kunya.

Akwai kuma wasan barkwanci, wanda mu ma ba baƙonmu ba ne: abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarbawa. A Senegal Basarere abokin wasan Bafulatani da Batukulor ne, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Mai sunan gidan Job yana tsokanar mai sunan gidan Njay. Tsakanin Sararawa da Jola kuwa har tatsuniya gare su, ta 'yan mata biyu 'yan uwa, Agen da Jambon, da kwalekwalensu ya rabe biyu a teku, ɗaya ta yi kudu ta haifi Jola, ɗaya ta yi arewa ta haifi Sararawa. Saboda haka ba a yarda ɗayansu ya zubar da jinin ɗaya ba. Abin lura shi ne wasan bai san addini ba. Alhaji Batukulor zai tare fada Basarere a tasha ya ce masa bawana, ɗauko mini kaya, fada ya rama, 'yan kallo su yi dariya a wuce.

Su ma Kiristocin ba su ware kansu daga al'adun ƙasa ba. A gidan ibada na Kër Musa, wanda aka kafa a farkon shekarun 1960, da kora ake raka addu'o'i, wato molon nan mai tsirkiya 21 na maroƙan Mandinka, kuma masu ibadar har ƙera ta suke yi suna sayarwa. A Popengin, inda Katolika ke taruwa ziyara duk shekara, al'adar da aka fara a 1888, mazauna garin da yawansu Musulmi ne, su ne ke buɗe wa baƙi ɗakuna su ba su ruwa. Daga wannan gari Kadinal Hyacinthe Thiandoum ya fito, wanda ya shugabanci cocin Dakar daga 1962 zuwa 2000, kuma a cikin danginsa na jini akwai Musulmi.

Ba aljanna ba ce. A ƙarshen 2009 Shugaba Abdullahi Wad, yana kare katafaren mutum-mutumin da yake ginawa a Dakar daga sukar limamai, ya yi suɓutar baki a kan aƙidar Kiristoci. Matasa suka fusata, aka yi arangama da 'yan sanda a kusa da babban coci. Kafin abin ya yi nisa shugaban ya tura ɗansa Karim wurin Kadinal Sarr, shugaban cocin Dakar na lokacin, ya ba da haƙuri. A 2019 wata tsohuwar makarantar Katolika a Dakar ta hana ɗalibai mata sa lulluɓi, hankali ya tashi, aka yi ta kai da komo har aka daidaita a kan ɗankwalin da ya dace da kayan makaranta. Maganar ba ta mutu ba, takan sake tasowa. A yankin Kasamans da ke kudu kuwa an yi tawaye tun daga 1982, an rasa rayuka da dama. Sai dai ko a nan, jagoran 'yan tawayen fada ne na Katolika, Diamacoune Senghor (ba shugaban ƙasar ba), yayin da fitaccen kwamandansu na daji, Salif Sajo, Musulmi ne. Faɗan ƙasa ne da rabon arziki, ba wanda ya iya mayar da shi yaƙin addini.

Ranar 31 ga Disamba 1980 Senghor ya ajiye mulki, wa'adinsa bai ƙare ba, ya miƙa wa Abdu Juf. Daga nan zuwa yau shugabanni huɗu aka yi, dukkansu Musulmi, biyu daga ciki matansu Kiristoci ne, na yanzu kuma, Basiru Jomay Fay, Basarere ne kamar Senghor. Soja bai taɓa ƙwace mulki a ƙasar ba, a yankin da juyin mulki ya zama ruwan dare.

Dubban mutanenmu daga Kano da Zariya da Yamai da Kumasi suna zuwa Senegal kowace shekara, su sauka Madina Baye a Kaulaha don Maulidi da ziyarar Shehu Ibrahim Inyas, su juyo gida ba su ga komai na ƙasar ba sai masallaci da filin jirgi. Wanda Allah ya nufa da tafiyar bana, ya ƙara kwana ɗaya a kan guzurinsa. Daga Kaulaha zuwa Jowal tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ya je ya haye gadar, ya tambayi mutanen Fadiyut da bakinsa yadda suke yi.