Ka koma sabon gari? Ga yadda wayarka za ta nemo maka wurin wasan wakeboard

Wakeboard wasa ne da mutum ke tsayawa a kan allo ana jan sa da igiya bisa ruwa. Hayar jirgin ruwa mai inji tana da tsada, shi ya sa masu wasan suka fi neman tafkin da aka kewaye da igiyar ƙarfe mai aiki da lantarki. Wani Bajamushe, Bruno Rixen, shi ya ƙirƙiro wannan fasaha, kuma har yau Jamus na cikin ƙasashen da suka fi yawan irin waɗannan wurare.

Idan karatu ko aiki ya kai ka wata ƙasa, buɗe Google Maps ka rubuta "cable park". A Jamus kuwa, rubuta "Wasserski", domin da sunan da 'yan gari ke amfani da shi ake rajistar wurin. A Abu Dhabi akwai Al Forsan, kusa da Bangkok kuma akwai Thai Wake Park.

Sai dai taswira kan ci gaba da nuna wurin da ya daɗe da rufewa. Kafin ka kashe kuɗin mota, duba ranar sharhi na ƙarshe da sabbin hotunansu a Instagram. A Turai yawancinsu suna rufewa lokacin sanyi.

Idan sabon shiga ne kai, tambayi ko suna da ƙaramin layi mai turaku biyu, inda ake jan mutum ɗaya kuma ana iya rage gudu. Kada ka shiga ruwa babu rigar ceto da hular kwano.