Hayaniya ta yi yawa: Yadda Kiristocin Arewa ke riƙe bangaskiya a lokacin fargaba

Kafin Kirista a Jos, Mubi ko Kafanchan ya isa majami'a ranar Lahadi, wayarsa ta riga ta yi masa wa'azi kala-kala. Akwai saƙon murya a WhatsApp da ke cewa za a kawo hari, akwai bidiyon mai annabci da ke hasashen mutuwar wani babba, ga kuma ɗan siyasa da ke rantsuwa cewa shi kaɗai ne zai kare masu bi. Kowace murya tana neman a saurare ta yanzu-yanzu.

Tsoron yana da tushe. An sace ɗalibai mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, an tafi da Leah Sharibu daga Dapchi a Fabrairun 2018, sannan a Nuwamban 2025 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai da malamai a makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a Jihar Neja. Makonni kaɗan kafin harin Papiri, Shugaban Amurka Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake damuwa da su kan 'yancin addini, lamarin da ya ƙara zafafa muhawara a kafofin sada zumunta.

Idan jita-jita ta zama makami

Abin da ya faru a Jihar Filato a watan Yunin 2018 ya nuna haɗarin gaskata duk abin da ya shigo waya. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya gano cewa wasu hotunan gawawwaki da aka yaɗa a Facebook da sunan rikicin Gashish ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. 'Yan sanda sun ce hotunan sun taimaka wajen tunzura matasan da suka tare hanya suka kashe matafiya. Kashe-kashen Gashish gaskiya ne, amma ƙaryar da aka ɗora a kansu ta ci rayukan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Darasi daga Garkida

Cikin ikilisiyoyin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu akwai Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Ta faro ne a ranar 17 ga Maris, 1923, lokacin da Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa, bisa wa'azin da Yesu ya yi a kan dutse.

Boko Haram ta gwada wannan koyarwa iyakar gwaji. Mafi yawan 'yan matan Chibok 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN kuma shugaban ƙungiyar CAN a Michika. A bidiyon da aka fitar yana tsare, ya yi magana cikin natsuwa, yana cewa bai karaya ba domin komai yana hannun Allah.

Duk da haka ikilisiyar ba ta sauya koyarwarta ba. Ta mayar da hankali ga addu'a da azumi, rabon abinci, sake gina gidaje da tarukan warkar da raunin zuciya. Wani ma'aikacinta, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, inda Kiristoci da Musulmi da rikicin ya raba da gidajensu suke zaune tare. A 2023 EYN ta yi bikin cika shekara 100.

A Kaduna ma akwai misali. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, ya ajiye gaba ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai.

Abin da ake jingina da shi

Masu bi ba su rasa madogara. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, kuma har yau da shi ake sujada a dubban majami'un ECWA, COCIN, HEKAN da sauransu. Labarai biyu daga cikinsa sun dace da wannan zamani. A 1 Sarakuna sura 19, Annabi Iliya ya gudu cikin tsoro zuwa Dutsen Horeb, inda guguwa da girgizar ƙasa da wuta suka wuce, amma sai a cikin wata siririyar murya Allah ya yi masa magana. A Matiyu sura 14, Bitrus ya taka ruwa lafiya lau, sai da ya mayar da hankali ga ƙarfin iska sannan ya fara nutsewa.

A aikace, hanyar ba sabuwa ba ce. Sujadar iyali da asuba kafin a buɗe waya, nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, da taron Zumuntar Mata inda ake waƙa, ake ziyarar marasa lafiya da gwauraye, duk suna sa mutum cikin jama'ar da ta san shi ido da ido. Wanda ya ji labarin hari yana iya kiran ɗan'uwa da ke garin ya tabbatar kafin ya tura wa wasu.

Wannan ba ya nufin toshe kunne ko yin shiru. Gargaɗin tsaro na gaskiya yana ceton rai, kuma shugabanni irin su Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato sun daɗe suna faɗa wa gwamnati gazawarta ba tare da kiran ramuwa ba. Aikin da ke gaban mai bi shi ne rarrabe muryar da ke kira ga addu'a da neman adalci daga wadda ke kasuwanci da tsoronsa.