Mene ne amfanin shafa wa mota kaki bayan folish?

Da hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan lulluɓe motocin da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Batsari, ko Safana da Dutsin-Ma. Sai direba ya ɗauko busasshen tsumma ya share. A nan ɓarnar take. Ƙwayoyin yashi na karce fenti, su bar siraran zane-zane masu zagaye da ke fitowa fili idan rana ta haska, musamman a baƙar mota.

Folish shi ne kankare ɗan kaɗan daga rufin sama na fentin, wanda yake garai-garai, har karcen ya baje. Sai dai rufin nan bai kai kaurin takarda ba, kuma kowane folish rage shi yake yi. Shi ya sa ake bin sa da kariya.

Akwai kaki, wanda fitaccensa, carnauba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya ta ƙasar Barazil ake samo shi. Yana da sheƙi, amma zafin ranarmu kan cinye shi cikin makonni. Akwai kuma na haɗin sinadari, mai ɗaukar watanni. Ga direban haya mai bin hanyar ƙauye kullum, wannan ya fi. Kakin carnauba ya fi dacewa da dillalin da ke son mota ta ɗauki ido.

A inuwa ake shafawa, jikin mota da sanyi, kaɗan-kaɗan, sannan a goge da tsumma mai laushi. Masu wankin mota su guji omo, yana cire kakin. Idan ruwa ya daina dunƙulewa a kan bonet, lokacin sabuntawa ya yi.