Linzamin Fitila: Yadda Nake Auna Wa Murjani Haske

Murjanin da na taso na sani shi ne wanda ke cikin adudun kakata a Kano, jajayen duwatsu da ake rataya wa amarya a wuya. Sai da aikin gyaran wuta ya kawo ni Jidda, bakin Bahar Maliya, na ga murjani da ransa a cikin tankin gilashi, a gidan wani dattijo Bahaushe haifaffen Fot Sudan. Na tsaya ina kallon abu kamar reshen bishiya yana buɗe ƙananan bakuna yana rufewa. Ashe dabba ce. Jan murjanin ado, wanda aka fi samowa daga Bahar Rum, yana rayuwa a wurare masu duhu. Wanda ake kiwo a tanki kuwa ɗan rana ne. A cikin naman jikinsa akwai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta sarrafa abinci, su ci tare. Fitilar da ke saman tanki ita ce akushinsa.

Dattijon ya ba ni 'yan gutsattsari daga nasa kiwon, domin ba a shiga teku a ɓalle murjani. Na sayi tanki mai tsawon santimita 90 da zurfin 45, na ƙudurta ni zan haɗa fitilar da hannuna. A da, masu wannan kiwo suna amfani da manyan fitilu masu cin wat 250 ko 400, masu zafafa ruwa, alhali murjani ya fi son ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26. Shuɗin ƙwan LED ne ya sauya lamarin, ƙirƙirar da ta jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Shuɗin haske ya fi kowane launi ratsa ruwan teku, kuma gansakukar murjani tana amfana da shi sosai.

Tambayar da na fara kai wa dattijon ita ce: "Baba, wat nawa zan sa?" Ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, fara tambayar linzamin da za ka sa wa dokin."

Na daɗe kafin na gane nufinsa. Ƙwan LED bai san ƙoshi ba. Idan ka ƙara masa ƙarfin wuta ko da kaɗan ne, yawan wutar da yake zuƙa sai ya yi tsalle. Idan ya ɗau zafi kuma, sai ya ƙara zuƙa, zafin ya ƙaru, a haka har ya ƙone. Shi ya sa ba a jona shi kai tsaye da irin na'urar cajin da ke ba da tsayayyen bolt. Abin da yake buƙata shi ne na'urar da masu sana'a ke kira direba, wadda ke ƙayyade yawan wutar da ke ratsa shi, ta riƙe ta a ma'auni ɗaya ko ƙwan ya yi zafi ko ya huce. Wannan ma'aunin, da ake ƙirgawa da miliamfiya, shi ne abu na farko da za ka yanke.

Ƙwayayen da na saya samfurin Cree XP-E ne, waɗanda iyakar abin da suke ɗauka miliamfiya 1,000 ne. Na zaɓi 700. Dalili kuwa, idan ka matsa wa ƙwai zuwa iyakarsa, hasken da zai ƙara maka bai kai zafin da zai ƙara ba, kuma zafi ne ke rage masa kwana. Gara ka ƙara yawan ƙwai ka sassauta wa kowanne. A nan ne ma za ka gane cewa sunan "mai wat 3" da ake kiransu da shi a kasuwa suna ne kawai. Shuɗi ko farin ƙwai yana cin kusan bolt 3.2, ka ninka da amfiya 0.7, ka ga wat biyu da ɗan ɗoriya ke nan.

Ana jera ƙwayayen a waya ɗaya kamar ƙwayoyin carbi, wutar da ta ratsa na farko ita ce za ta ratsa na ƙarshe, bolt ɗinsu kuma a tara shi. Na yi jeri uku, kowanne ƙwai 12: biyu shuɗaye, ɗaya farare. Kowane jeri na neman bolt 38 da 'yan kai. Na ba kowanne direbansa, Mean Well LDD-700H, ɗan ƙaramin abu kamar akwatin ashana, wanda ke son wutar da ke shiga ta ɗara wadda ke fita da bolt uku ko huɗu. Saboda haka na ciyar da su duka daga na'ura mai bolt 48. Kowane jeri wat 27, uku sun kama 81. Na sayi mai wat 120, domin na'urar da ke aiki sa'a goma kullum ba a cika mata kaya har wuya.

Kada ka raba direba ɗaya ga jeri biyu don tsimi. Ranar da waya ta tsinke a ɗayan, duk wutar za ta afka wa wanda ya rage. Kada kuma ka jona ƙwai a direban da ke kunne. Ni na yi wannan kuskuren wani dare ina gaggawa: wayar ta taɓa, haske ya walƙa sau ɗaya, warin ƙuna ya tashi, jeri guda ya mutu a gabana. Tun daga ranar, sai na gama liƙa komai da dalma, na auna da mita, sannan in kai hannu ga makunni. Ƙwayayen suna zaune a kan farantin alminiyon mai haƙora, da fanka a sama, da murfin roba mai garai-garai a ƙasa saboda feshin gishiri. Idan na ɗora tafin hannu a farantin na kasa bari, na san akwai gyara.

Asarar da ta fi yi min ciwo ba ta ƙwai ba ce. Da fitilar ta kammala, na sake ta da dukkan ƙarfinta don in ga kyanta. Cikin mako guda wani reshe mai ruwan ƙasa da dattijon ya yi shekaru yana reno ya koma fari fat kamar alli. Haske ya yi masa yawa farat ɗaya, ya kori gansakukarsa, ya zauna da yunwa. Murjani mai taushi yana wadatuwa da haske kaɗan. Masu rassa masu tauri irin su Acropora suna son ninkin haka sau biyu ko uku, amma su ma sai an saba musu a hankali. Wannan ne ya sa nake cewa kada ka sayi direban da ba a iya rage masa haske. Na haɗa nawa da ƙaramin allon Arduino, na mayar da fitilar kashi 30 cikin ɗari, ina ƙara biyar duk mako, na sauko da reshen ƙasan tanki inda inuwa take.

Ya ɗauki fiye da wata biyu kafin launi ya fara dawowa, daga gindi yana hawa. Yau fitilar tana tsaye a kashi 60, ban sake matsa ta ba. Duk asuba in na dawo daga masallaci, shuɗin jerin ne ke fara tashi a hankali, ni kuma in tsuguna gaban gilashin in duba ko bakunan sun buɗe. In sun buɗe, na san ma'aunin ya yi daidai.