Ƙiba da Rama a Bakin Mutanen Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya kasa kunne ga gaisuwar Hausawa zai lura jiki ake fara duba. In an ce wa mutum "ka yi ƙiba", yabo ne. In kuwa an ce "ka rame", jaje ne, sai a bi shi da tambaya ko lafiya. Har kalmar ƙoshi, wadda asalinta ta ciki ce, an ba lafiya aronta, aka ce ƙoshin lafiya. Watau harshe ya ɗaure cikar jiki da lafiya da igiya guda. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa hukuncin nan gaskiya ne ga yaro, amma ga babba yakan zama ruɗi.

Ba a banza magabata suka yi wannan hukunci ba. A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, abincin manomi tuwon dawa ne da fura, wadda mutanen wurin ke kira hura. Da ƙafa yake zuwa gona, matarsa kuma ita ke sussuka da daka. Abin da aka ci, aiki ya ƙone shi. Ga shi kuma tsakiyar damina rumbu yakan yi ƙasa. A irin wannan zama, ƙiba shaida ce ta cewa gida ya tsallake yunwa.

To, amma zama ya sake. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya bunƙasa a ƙasashen nan uku, shinkafa ta yawaita a tukunya. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi na ƙafa. Shinkafar da inji ya goge ta rabu da dusarta, saboda haka sukarinta yakan shiga jini da sauri fiye da na tuwon gero ko dawa. Bari mu bi shekarun mutum mu ga inda yabon ya dace.

Ga yaro ƙarami, rama ita ce abin tsoro, musamman inda rashin tsaro ya raba iyaye da gonakinsu. Ma'aikatan asibiti sukan auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5. In bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa ta yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa masa da kunu mai gyaɗa ko wake ko kifi. Sai dai a kula, kumburin ƙafa da fuska ba ƙiba ba ne, alamar tamowa ce mai hatsari.

Ga magidanci kuwa, wanda ya bar garma ya koma shago ko ofis, alhali kwanonsa bai ragu ba, rarar abincin kitse take zama, yawanci a tumbi. Kitsen nan yakan hana jiki sarrafa sukari, ya buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini. Bisa ma'aunin likitoci, mai tsawon mita 1.7 in ya haura kilo 72 nauyinsa ya wuce kima, in ya kai 87 ya shiga teɓa. Maganin ba mai tsada ba ne: motsa jiki na minti 150 a mako, watau tafiyar sauri ta rabin sa'a kwana 5, gishiri ƙasa da giram 5 a yini, a rage lemon kwalba, a yawaita zogale da wake.

Da tsufa ya zo, sai magana ta sake juyawa. Naman jiki yakan zube, haƙora su yi rauni, tsoho ya koma kunu tsagwaronsa. A nan rama ta sake zama abin tsoro, gama ita ke jawo faɗuwa da karaya. Tsoho yana bukatar nono da ƙwai da kifi, ga shi kuwa ana kamun kifi a Bakolori. Kada kuma a hana shi takawa zuwa masallaci da sunan girmamawa.

Ashe ke nan kalma ɗaya ba ta isa ta auna mutum daga goyo zuwa furfura. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi ba: akwai ƙiba, akwai teɓa, akwai kumburi, akwai murjewa. Ya kamata malaman Hausa da masu shirin rediyo da ma'aikatan lafiya su riƙa bambance su. Kafin a ce wa mutum "ka yi ƙiba", a fara tuna shekarunsa.