Bazara a Rumfar Leda

Tun kafin hantsi ma'aikata sun naɗe labulen gefen rumfar. A wannan cibiyar binciken noma da ke wajen Kano, Afrilu watan fargaba ne. Zafin gari kan kai digiri 40, cikin leda kuwa ya zarce haka, shi kuma tumatir da zarar zafi ya wuce digiri 35 sai fure ya riƙa kakkaɓewa ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba.

Baƙo zai ce a fesa wa shukar ruwa mana ta huce. Nan ne dattijon da ke kula da rumfar yakan girgiza kai. Ganyen tumatir da tattasai ba sa son kwana da laima. Ruwa ya zauna a kansu, sai cutar ƙuna da ruɓa su samu ƙofa. Saboda haka ruwan sha ta siririn tiyo yake bi, ɗigo-ɗigo, zuwa gindin kowace shuka. Ruwan sanyaya iska kuma hanyarsa daban.

A bangon gabas an kafa wata katanga mai ramuka kamar saƙar zuma, ruwa na tsiyaya a jikinta. A bangon yamma manyan fankoki na zuƙo iska. Busasshiyar iskar bazara ta ratsa jiƙaƙƙiyar katangar, ta kwashi tururi, ta shigo da sanyi, ganye bai jiƙe ba. Hikimar randa ce, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yi aiki da ita a tukunyarsa mai tukunya a ciki don adana kayan miya. Na daɗe tsaye a wurin, fuskata na shan wannan sanyi. Amma da damina ta kankama a Agusta, iska ta ƙoshi da ruwa, dabarar ba ta da ƙarfi. Sai a koma ga ragar inuwa da buɗe rufi.

Ragar tagogi kuma akwai ciniki a cikinta. Tun ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a 2016, an rufe tagogi da raga mai ƙananan ido. Ta tare ƙwari, ta kuma rage iska.

Idan aka ɗauke wuta da azahar, fankoki suka tsaya, kowa barin abin da yake yi yake. Wani ya ruga wajen janareta, matasa biyu su ɗauki bokiti suna yayyafa wa hanyar tsakiya ruwa, a hankali, hannu ƙasa-ƙasa. Dattijon na biye da su yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, yana duba ƙarƙashinsa.